Babi na Shida: A Riƙe Ƙafar Firam, Kada a Binne Ta

A damina ta shida bayan mun tare a gidanmu da ke bayan titin Bauchi a Jos, ƙofar gareji ta fara jan ƙasa. Da farko ɗan gurza take yi idan an buɗe, kamar ana jan buhun masara a kan siminti. Kafin watan Agusta ya fita sai da mutum biyu, ɗaya ya ɗaga ƙyauren, ɗaya ya tura. Na ɗauka hinji ne ya gaji, na sayo sababbi, na kira wani dattijon kafinta da ya daɗe yana aiki a wajen Laranto. Ko kallon hinjin bai yi ba. Tsugunawa ya yi a gindin firam, ya zaro sukundireba daga aljihu, ya soka a katakon daidai inda ya nutse cikin siminti. Ƙarfen ya shige har mariƙi, kamar an soka shi a dafaffen rogo. Da ya zare, sai ga jar ƙasa ta biyo shi, gara na ta watsewa.

Na ce, "Baba, katakon ne ba shi da kyau?"

Ya ƙwanƙwasa firam ɗin daga gwiwa zuwa sama, yana ta amsawa garau. Ya ce, "Ɗana, maɗacinka lafiyarsa ƙalau. Ƙafa aka binne masa. Wanda ya kafa shi ya so ya riƙe shi ne, sai ya kashe shi."

A kan wannan magana ta Baba aka gina babin nan. A babin da ya gabata mun ga yadda ake zuba daɓe. Yanzu za mu tsaya a wuri ɗaya da bai fi tafin hannu biyu ba, wato inda katako ya haɗu da kankare. Aiki biyu ake nema a wurin, kuma kamar suna karo da juna: a riƙe ƙafar firam ta yadda ba za ta motsa ba, a kuma raba ta da daɓen ta yadda ba za ta sha ruwa ba.

Abin da ƙyaure ke yi wa firam

Ƙofar ɗaki da ƙofar gareji suna ɗaya suke ci, amma ba nauyinsu ɗaya ba. A ɗauki gareji mai faɗin mita 2.4 da tsayin mita 2.1, mai ƙyaure biyu. Idan an yi kowane ƙyaure da busasshen loko mai kaurin santimita 4.5, nauyinsa zai kai kilo 75, wato buhun siminti ɗaya da rabi. Wannan nauyi ba a kan firam yake zaune ba, rataye yake a gefensa. Ka tuna yadda bokitin ruwa ke yi maka idan ka miƙe hannu da shi: kafaɗa na janyuwa, ƙafa na dannuwa. Haka firam yake ji dare da rana. Idan tsakanin hinjin sama da na ƙasa mita 1.8 ne, ƙyauren yana jan saman firam da ƙarfin kilo 25, yana kuma tura ƙasansa da kilo 25.

Turin nan kuma ba gefe ɗaya yake bi ba. Idan ƙofa na rufe, bango ake tura ƙafar firam. Idan aka wangale ta waje, cikin gareji ake tura ƙafar. Kowace buɗewa da rufewa murɗa ce. A ƙara da iskar hadari ta watan Afrilu da Mayu, wadda kan fizge ƙyaure ta maka shi, da yaran da ke lilo a jikinsa, da ranar da bayan mota zai ɗan goge shi. Ƙusa mai inci 4 da aka buga a karkace cikin siminti ba za ta jure wannan ba. Za ta yi ta cin ramin da take ciki har ya yi mata yawa.

Damina da hunturun Jos

Abin da kafintan Kano ko Sakkwato zai yi ya kwana lafiya, a Jos yana iya zama asara. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma ruwan da yake samu a shekara ya kai wajen milimita 1,400, daga Afrilu zuwa Oktoba. A Yuli da Agusta ana iya yin kwanaki ƙasa ba ta bushe ba, ga shi rana ba ta da zafin da za ta tsotse danshin da wuri. Sai kuma Disamba da Janairu su zo da hunturu mai fasa leɓe, iska ta bushe ƙayau.

Katako yana bin iska. Da damina ya sha danshi ya kumbura, da hunturu ya saki ya tsuke. A tsawonsa ba ya wani motsi, a faɗinsa da kaurinsa ne yake yi. Katako mai faɗin inci 6 zai iya canzawa da milimita 2 ko 3 tsakanin Agusta da Janairu. Kankare kuwa ba ruwansa. Saboda haka idan aka binne ƙafar firam a siminti, hunturun farko katakon zai ja jikinsa, siririyar tsaga ta buɗe kewaye da shi. Damina na zuwa, ruwan da ya gangaro daga ƙyaure ya bi tsagar ya taru a ƙasa, babu mafita. An yi wa katakon kwano ke nan, an zaunar da shi a ciki.

Kuma mafi raunin katako shi ne bakin da zarto ya yanka. Jijiyoyin da itace ke jan ruwa da su daga saiwa zuwa ganye suna nan a buɗe, suna ci gaba da aikinsu ko bayan an sare shi. Da zarar danshin katako ya wuce kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka, ruɓa ta samu wurin zama. Gara kuma ta biyo baya, domin danshi da duhu take so. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ita kuwa gara tsagar da ba ta fi kaurin farce ba ta ishe ta. A firam ɗina ta wata kusurwa ta shiga, inda aka bar farin gefen katako ba a cire ba.

Darasin rumbu

Maganin ba sabo ba ne. Duk wanda ya bi ƙauyukan Filato, ko na ƙasar Hausa, ya ga rumbu a ɗore kan duwatsu, iska na wucewa ta ƙarƙashinsa. Manomi ya san abu biyu: danshin ƙasa ba ya tsallake rata, kuma idan gara ta nufi hatsi dole ta gina hanyarta a fili a jikin dutse, inda za a gan ta a kankare. Magina na gargajiya su ma sun san itacen da gara ke shakka. Shi ya sa suka riƙe azarar giginya, kamar yadda mai ziyara zai gani a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke harabar gidan tarihin Jos, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. Tsofaffin gidajen zamanin haƙar kuza kuma da yawansu a kan harsashin dutse suke tsaye, katakonsu na can sama da inda ruwa ke fantsama.

Ƙafar firam ma rumbu ce. A ɗaga ta, a bar ido ya riƙa ganin ƙarƙashinta.

Sai zaɓen katakon kansa. A Kasuwar Katako ta Laranto za ka tarar da iri-iri, masu nauyi da marasa nauyi. Don firam ɗin gareji, loko da ƙawo su ne gaba, maɗaci na biye. Malaina da sauran farare masu sauƙi a bar su ga silin da kayan ɗaki. Turare, wanda aka dasa da yawa a Filato a filayen da haƙar kuza ta lalata, yana da ƙarfi, amma yana yawan murɗewa da tsagewa idan yana bushewa. Kaurin firam kada ya gaza inci 4 da inci 4, idan da hali inci 4 da inci 6. Ka nemi zuciyar itace, mai duhun launi, ka ƙi mai farin gefe, domin ko a loko farin gefen abincin ƙwari ne. Kuma yawancin abin da ke kasuwa ɗanye ne. Ka saya da wuri, ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, ya yi watanni yana shan iska kafin a fere shi.

A fara da tambayar daɓen

Kafin a sayi bol ko ɗaya, a san abin da za a ɗaura shi a ciki. Daɓen gareji na kirki kaurinsa inci 4 zuwa 6 ne, an kwaɓa shi da kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Jos ba ta rasa tsakuwa mai kyau ba, dutse ko'ina. Amma sau da yawa abin da ido ke gani a sama shafe ne kawai, siminti da yashi mai kaurin inci 1 ko 2, wanda ba ya riƙe komai. Kaurin shafe ba ya cikin lissafi.

Gwajin mai sauƙi ne. A huda rami ɗaya da injin huda a inda ƙafar za ta zauna, a lura da ƙurar da ke fitowa. Idan toka-toka ce, injin kuma yana cijewa a kan tsakuwa har inci 4, daɓen ya isa. Idan kafin inci 3 bakin injin ya faɗa, jar ƙasa ta fito, to kada a yaudari kai. A fasa wurin, a haƙa rami mai faɗin ƙafa ɗaya da rabi ta kowane gefe, zurfinsa ma haka, a zuba sabon kankare. A riƙa ba shi ruwa na mako ɗaya aƙalla. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi, kuma a sanyin Jos ya fi jinkirin kamawa. Da hunturu a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, kada iska ta shanye ruwansa. Kafin kowace huda kuma a tambayi mai gida ko bututun ruwa ko na wayar wuta ya bi ta wurin.

A duba gangara ma. Bakin gareji ya kamata ya zubar da ruwa waje, kamar inci 1 a kowace ƙafa 4. Idan ruwa yana kwanciya a bakin ƙofa, wannan za a fara gyarawa.

Hanyoyi uku

Ta farko ita ce turken rodi a kan ɗan dakali. A zuba ƙaramin dakali na kankare, ko a sassaƙa dutse, daidai faɗin ƙafar firam, tsayinsa inci 2 zuwa 4 a kan daɓe, a ɗan zaftare gefensa don ruwa ya zame. Rodi mai milimita 16 ya fito ta tsakiyarsa, inci 4 ko fiye a cikin daɓen, inci 4 a sama. A huda gindin katakon daidai kaurin rodin, a shimfiɗa takardar kwalta a kan dakalin, a sauke firam a kai. Hanya ce mai araha, mai kyan gani, ƙarfe ba ya nunawa. Ta fi dacewa da sabon gini, domin sai da sarari a sama kafin a ɗaga firam a zura shi. Tana hana zamewa gefe, amma ba ta hana ɗagawa, saboda haka dole bango ya riƙe sauran.

Ta biyu ita ce takalmin ƙarfe, kuma ita nake ba da shawara ga ƙyaure mai nauyi. Kowane mai walda na kirki a Dilimi zai haɗa shi idan an ba shi awo. Faranti ne mai kaurin milimita 6 wanda zai kwanta a daɓe, da kunnuwa biyu a tsaye da za su rungumi katakon, da wani ɗan faranti a tsakaninsu wanda zai ɗaga ƙafar inci 1 ko 2 daga ƙasa. Kada a yi shi kamar akwati mai rufaffen gefe huɗu, in ba haka ba an koma gidan jiya, ruwa zai taru a ciki. Gefe biyu su zauna a buɗe. Bol biyu ko huɗu su ɗaure farantin da daɓe, wasu biyu masu milimita 12 su ratsa kunne, su ratsa katako, su fita ta ɗaya kunnen, da wosha da noti. Idan an samu ƙarfe mai rufin zinki ya fi. Idan babu, a kankare tsatsa, a shafa jan fenti na ƙarfe sau biyu, har ƙarƙashin farantin, kafin a ɗaura.

Ta uku ta gyara ce, ga wanda firam ɗinsa ke tsaye kuma ba ya son tayar da shi. A tokare firam, a yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai lafiyayyen katako, a cike gurbin da dakalin kankare, a sa takardar kwalta a tsakani, sannan a kama ƙafar da ƙarfe mai kusurwa ta gefe biyu. Haka Baba ya yi wa tawa. Inci 7 ya yanke.

Maganar bol

Abin da muke kira fisha, ɗan robar nan da ake cusawa a rami kafin a ɗaura sukuru, sunan wani Bajamushe ne, Artur Fischer, wanda ya ƙirƙiro shi a 1958. Yana da amfani wajen rataye madubi ko sandar labule. Ƙafar firam ɗin gareji ta fi ƙarfinsa.

Bol iri biyu ne suka dace. Akwai mai buɗewa: idan ana ɗaure noti, gindinsa na bajewa yana cije bangon ramin. Yana da saurin aiki, amma ƙarfinsa daga tura kankare yake samuwa, ƙofar gareji kuwa kusan kullum a bakin daɓe take. Idan ramin ya matso gefe, kana ɗaurewa za ka ji ƙas, gefen ya ɓalle. Bol mai milimita 12 yana son aƙalla inci 4 tsakaninsa da bakin kankare, da inci 4 tsakaninsa da ɗan'uwansa, ya kuma nutse inci 3 zuwa 4. Na biyu shi ne na gam: a huda rami ya ɗara rodi mai zare da milimita 2, a matsa gam na musamman na kankare, a murɗa rodin a ciki, a bar shi ya kama. Ya fi tsada, amma ba ya tura kankare, don haka shi ne na kusa da gefe da na tsohon daɓe. A sanyi yana jinkirin kamawa, a bi lokacin da aka rubuta a jikin kwalinsa.

Kowanne aka zaɓa, a share ramin. Na ga Baba ya sa guntun tiyo ya hure ƙura, ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya sake hurewa, har sau uku, idonsa a rufe da tabarau. Yaronsa ya ce, "Baba, ai ya fita." Ya ce, "Idan ka bar ƙura, gam ƙurar zai kama, ba kankare ba."

Ranar kafawa

Magani ke fara shiga. Bayan an gama duk yanka da huda, a tsayar da ƙafar firam cikin bokitin maganin katako irin su Solignum ta kwana, jijiyoyin nan masu jan ruwa su ja magani. Baƙin mai da aka saba shafawa yana korar ruwa na ɗan lokaci, amma ba ya shiga ciki sosai, fenti ba ya kama shi, kuma gara na samun hanyarta idan ya bushe. Duk inda zarto ya sake taɓawa, a sake shafa magani.

Sannan a tsayar da firam, a buga katako a gicciye a ƙasansa don faɗin sama da na ƙasa su zama ɗaya, a tokare shi ta ciki da waje. A saki igiya mai ɗan nauyi a baki, a duba tsayuwar kowace ƙafa ta fuska biyu, ba ɗaya ba. A auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, a auna kishiyarta. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, firam ya karkace. A duba ƙafafun biyu da tiyo mai ruwa, a tabbata kansu ɗaya. Sai komai ya daidaita za a yi alama a daɓe, a huda, a ɗaure.

Ƙafa ba ta aiki ita kaɗai. Kowane gefe na firam yana son ɗauri uku ko huɗu da bango, ɗaya kusa da kowane hinji, domin nan ne ja yake. Idan ginshiƙin kankare ne a gefen, madalla. Idan bulo ne mai rami, a cika ramukan da kankare tun daga ƙasa, domin fatar bulo ba ta riƙe bol. Tsakanin katako da bango ma a sa takardar kwalta. Ƙyaure shi ne ƙarshen hawa, da hinji uku, bayan gam ko kankare ya gama kamawa. A bar rata kamar inci 1 a ƙarƙashinsa, a kuma kafa abin tare shi a waje don iska ta daina fizgar firam.

Bayan hunturun farko

A watan Fabrairu, lokacin da katako ya gama tsukewa, a ɗauki sufana a bi kowane noti a ƙara ɗaure shi. Za a tarar sun saki, ba don aikin ya ɓaci ba, katakon ne ya rame. Kafin ruwan farko kuma a tsuguna a leƙa ƙarƙashin ƙafar, a share ƙasa da ganyen da suka taru, a duba ko gara ta fara ɗora hanyarta. Duka aikin bai fi minti goma ba a shekara.

Kuɗin takalmin ƙarfe da bol huɗu bai kai na ƙyaure ɗaya ba, balle na asibiti. Ƙyaure mai kilo 75 idan ya saki firam ba ya zaɓen wanda zai faɗa wa, kuma waɗanda suka fi wasa a bakin ƙofa yara ne. Don haka, mai gida, ranar da za a kafa maka firam ka tsaya a wurin. Idan ka ga an haƙa rami ana shirin zura katako a bi shi da siminti, ka dakatar da aikin cikin mutunci, ka ce a ɗaga ƙafar a ɗaure ta da ƙarfe. Kai kuma kafinta, wurin da ba a gani shi ne shaidar aikinka. Ƙofata da Baba ya gyara ta ga damina tara tun daga ranar, kuma har yau da hannu ɗaya ake buɗe ta.